Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda

Shekara talatin da ɗaya
Baba Mutari yana auna dabino a kasuwar Dole,
tiya cike har tozo, ga gyara a tafin hannu.
Yau ni nake auna masa:
cokalin roba guda, a shafe baki, babu gyara,
gari mai launin rairayin bakin tabki,
a rabin kofin ruwan da na saya tun asuba,
don famfon Birni ya kwana huɗu ko tari bai yi ba.

Ran Talata ƙafafunsa suka ƙi shi
tsakanin buta da tabarma.
Ya ce, Barira, taɓa nan,
kamar fara ta faɗa gwangwani.
A babban asibiti aka ɗebi jini,
na'ura ta tofo doguwar takarda
mai tsini-tsini kamar duwatsun bayan gidanmu.
Shida da ɗigo huɗu.
Likita Rakiya ba ta zauna ba
sai da ledar ruwa ta biyu ta rataya.

Da dare ya raba ta jawo kujera.
Ta ce ƙoda ta gaji da shara,
wani gishirin jini, fotasiyom, ya taru
yana rikita wa zuciya kiɗa.
Wannan garin kuwa ba ya shiga jini,
hanji kawai yake bi, zango zango,
ya sauke gishirin da ya ɗauko,
ya ɗora wancan, ya fita ta ƙofar baya.

Baba ya buɗe ido.
Ya ce, ashe bafatake ne.
Haka tsohona ya yi da mutanen Kawar,
ba dala, ba takarda,
a zube gero, a ɗaga kantu,
kowa ya kama igiyar raƙuminsa.
Ba ni gishiri in ba ka manda!
Ya yi dariya har allura ta motsa a hannunsa.

Dariyar ta tsaya da aka zo lissafi.
Ban da ayaba. Ban da ruwan lemo, ko don dama garin.
Ban da tokar miya, tumatir kaɗan.
Ya yi ta gyaɗa kai
har ta ce dabino.
Sai ya dubi silin.

Yanzu ni ce mai gadin agogo.
Awa uku tsakanin garin da ƙwayoyinsa,
kada bafataken ya haɗa da kayan da ba nasa ba.
Kowace safiya ina yi wa mahaifina tambayar
da ɗiya ba ta yi wa uba:
ka zaga?
In ya yi shiru kwana biyu, an ce in rufe gwangwanin in kira.
Ina danna yatsa a idon sawunsa
in ga ko gishirin da aka sauke ya zauna.
Shi yana kallon bango, ni ina kallon ƙasa,
kunya tana zaune tsakaninmu tana tsinke zare.

Gwangwani ɗaya, kuɗin buhun dabino da rabi.
Ban faɗa masa ba. Ya sani.
Mutumin da ya san nauyin tiya da ido
ba a ɓoye masa farashi.

Jiya takarda ta ce biyar da ɗigo ɗaya.
Ƙodar ba ta warke ba, ba wanda ya ce za ta warke,
ana ta maganar wankin jini bayan salla.
Amma ya taka har zaure da ƙafarsa,
ya ciro dabino guda daga aljihu,
ya sansana, ya juya shi,
ya miƙa wa Zule, jikarsa,
ya ce ta dawo masa da ƙwallon.

Na dama. Garin ba ya narkewa, sai dai ya yi iyo.
Ya ɗaga kofin, ya shanye,
yashi yana ƙara a haƙoransa.
Ya goge gemu, ya jingina,
ƙwallon dabino a dunƙule a hannu.
Ya ce, to, ayari ya shiga.
Sai mu jira labari.